Yadda Bakteriya Ke Tarewa Cikin Tantanin Jiki Ta Ƙi Fita

Tambaya: "Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. A darasin garkuwar jiki an koya mana cewa akwai tantanin da aikinsa shi ne ya haɗiye bakteriya ya narkar da ita. Da aka zo darasin tarin fuka kuma sai aka ce a cikin wannan tantanin ne ƙwayar cutar ke zama, har ta yi shekaru. Abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya halittar da ba ta da ƙwaƙwalwa ta iya zama a cikin abin da ke kashe ta? Koyo take yi ne? Kuma me ya sa maganin da aka ce yana kashe ta sai an yi wata shida ana shan sa?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin ita ce ta jawo ni cikin wannan fanni tun ina ɗalibi, kuma har yau a kanta nake aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Idan na fahimce ki, so kike ki san yadda aka yi wasu jinsunan bakteriya suka mayar da tantanin jikin mutum gida, suke zama a ciki wata da watanni ko shekara da shekaru, da kuma abin da ya sa magani ke shan wuya kafin ya fitar da su. Bari mu daidaita kalmomi biyu tun daga farko don kada mu ruɗe a hanya. Idan na ce tantani, ina nufin ɗan ƙaramin ɗakin nan mai rai wanda da tarinsa aka gina jiki. Idan na ce ƙwayoyin gado, ina nufin umarnin da ke rubuce cikin DNA, wanda kowanne ke faɗin yadda za a haɗa wani furotin.

Kalmar koyo ce za mu fara ajiyewa gefe. Ƙwayar bakteriya guda ba ta koyon komai, ba ta kuma ƙulla komai. Aikinta rabuwa biyu, biyun su zama huɗu, a haka har a kai miliyoyi. Escherichia coli da ke zaune a hanjin kowannenmu, idan ta samu abinci da ɗumi, kusan duk minti 20 take rabuwa. A kowace rabuwa sai an kwafe DNA, kuma mai kwafi komai ƙwarewarsa wata rana sai hannunsa ya zame. Yawancin kurakuran nan ba su da wani amfani, wasu ma halaka mai ɗauke da su suke yi. Amma cikin miliyoyi ba a rasa guda da kuskurenta ya zo mata da sa'a, ƙila ya sa fatarta ta ɗan fi jure tsami, ko ya sa garkuwar jiki ta yi jinkirin ganin ta. Sauran a kashe su, ita ta tsira ta hayayyafa. Garkuwar jiki da magani su ne rariya, bakteriya kuwa ana ta tankaɗe da rairayarta zuri'a bayan zuri'a, kuma abin da muke kallo yau muna kira dabara shi ne abin da ya tsallake rariyar.

Akwai wata hanya da ta fi wannan sauri. Bakteriya na iya karɓar guntun DNA sukutum daga wata bakteriyar da ba ma danginta ba ce. Da haka Salmonella ta samu wasu manyan guntaye biyu, kowanne ɗauke da umarnin gina wata 'yar allura ta furotin. Da allura ta farko take tsira wa tantanin hanji sinadaran da ke sa shi buɗe mata ƙofa da kansa. Ta biyun kuma sai ta shiga ciki take fito da ita, tana aika saƙonni ta bangon jakar da aka kulle ta don kada a narkar da ita.

Atisayen da aka yi tun babu mu

Tantanin da aka koya muku a aji shi ne makurofaj, wato babban mai ci. Elie Metchnikoff ne ya fara lura da wannan aiki na haɗiya a 1882, lokacin da ya soka ƙaya a jikin jaririn wata 'yar dabbar teku ya ga tantani sun yi cincirindo a kanta. Yadda makurofaj ke aiki shi ne ya naɗe bakteriya cikin wata 'yar jaka, sannan ya haɗe wannan jaka da wata jakar mai cike da tsami da sinadaran narkarwa. Da zarar jakunkunan biyu sun haɗu, yawancin bakteriya tasu ta ƙare.

To amma wannan hanya ba da mu ta fara ba. Amiba, halittar nan mai tantani ɗaya da ke cikin ruwa da ƙasa, da irin wannan haɗiyar take cin abinci, kuma abincinta bakteriya ne. Shekaru ɗaruruwan miliyoyi ana wannan farauta tun babu ɗan Adam a doron ƙasa. Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne Legionella pneumophila. A 1976 wata cutar huhu ta ɓarke tsakanin tsofaffin sojojin Amurka da suka yi taro a wani otal a birnin Filadelfiya, aka gano ƙwayar da ta haddasa ta a shekarar da ta biyo baya. A 1980 Timothy Rowbotham a Ingila ya nuna cewa asalin gidanta cikin amiba ne. Tana da furotin sama da 300 da take zuba wa tantanin da ya haɗiye ta, ta juya akalarsa ya koma yi mata hidima. Idan mutum ya shaƙe ta cikin feshin ruwa, makurofaj ɗin huhunsa ya haɗiye ta, a wajenta amiba ce kawai wadda ta ɗan sha bamban. Ga kuma abin lura: kusan ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Kenan duk wannan shiri ba domin mu aka yi shi ba, mun dai faɗo cikin faɗan da ba namu ba ne.

Hanyoyin tsira daga jakar narkarwa sun bambanta. Listeria fasa jakar take ta fito tsakar tantani, ta tara furotin ɗin tantanin a bayanta ya riƙa tura ta har ta huda cikin maƙwabcinsa. Coxiella burnetii ita tsamin ma take so, sai a cikinsa take iya hayayyafa. Ƙwayar tarin fuka, Mycobacterium tuberculosis, wadda Robert Koch ya bayyana ranar 24 ga Maris 1882, hana haɗuwar jakunkunan biyu take yi. Armstrong da Hart ne suka nuna haka a 1971. Tana zaune a jakar farko, tsamin bai iso ba, ga kuma fatarta mai kaurin kitse kamar an shafe ta da kakin zuma.

Sai dai shiga daban, daɗewa daban. Akwai bakteriya da yawa da ke iya shiga tantani su cika shi su fasa shi cikin kwana ɗaya. Irin wannan cuta tana zuwa da zafi, garkuwar jiki ta taso gaba ɗaya, cikin ɗan lokaci ko dai mara lafiya ya warke ko ya rasu, kuma ko wanne ya faru bakteriyar ta rasa gida. Wadda za ta yi shekaru dole ta rage hayaniya, ta rage gudu, ta bar maigidan da rai. A nan ne labarin ya fi ɗaukar hankalina, domin da na fara wannan karatu na ɗauka cewa mai daɗewa ita ce wadda ta fi tara makamai. Da aka fara karanta DNA ɗin waɗannan ƙwayoyi baki ɗaya sai aka ga akasin haka ya fi yawa.

Asarar da ta zama hanyar zama

A 1998 aka kammala karanta DNA ɗin ƙwayar tarin fuka: haruffa kusan miliyan 4.4, ƙwayoyin gado kusan 4,000. A 2001 aka karanta na 'yar'uwarta Mycobacterium leprae, mai jawo kuturta. Haruffanta kusan miliyan 3.3 ne, masu aiki daga cikin ƙwayoyin gadonta ba su wuce kusan 1,600 ba, sannan ga wasu fiye da 1,000 da suka lalace, suna nan a rubuce amma ba sa haifar da komai, kamar kangon gidajen da aka tashi aka bari. Wannan ƙwaya tana ɗaukar kusan mako biyu kafin ta rabu sau ɗaya. Tun da Gerhard Armauer Hansen ya gano ta a Norway a 1873 har yau ba a iya shuka ta a farantin da ake rainon bakteriya a ɗakin gwaji ba, sai a tafin ƙafar ɓera ko a jikin wata dabba ta nahiyar Amurka mai suna amadilo. Amma a jikin mutum tana shiga tantanin da ke naɗe jijiyoyi ta zauna, a kan yi shekara biyar kafin alamu su fito, wani lokaci har ashirin.

Me ya kawo wannan zubewa? Dalili na farko a fili yake. Cikin tantani ga abinci a dafe, ga ɗumi da ba ya sauyawa. Idan kuskuren kwafi ya lalata umarnin haɗa wani sinadari, alhali sinadarin yana nan a wadace a gidan da ake zaune, babu abin da zai hukunta wannan kuskure, sai ya wuce ga 'ya'ya da jikoki. Dalili na biyu ya fi dabara. Duk sa'ad da cutar za ta tsallaka zuwa sabon mutum, ƙwayoyi ƙalilan ne ke ƙetarewa, kuma sa'a ce ta zaɓo su, ba lallai su zama mafiya lafiya ba. Ga shi a kulle cikin tantani ba sa haɗuwa da wasu bakteriya balle su aro gyararren kwafi. Sai ƙananan lahani su yi ta taruwa ba mai kwashe su. Saboda haka ni ba na kallon duk asarar nan a matsayin wayo. Kaso mai yawa nata lalacewa ce da yanayi ya ƙyale, har ta kai ƙwayar ba ta da wurin zuwa sai cikin tantani.

Amma akwai asarar da riba ce kai tsaye. Garkuwar jiki tana da masu gadi da ke gane wasu sassan bakteriya, kuma ɗaya daga cikin abin da suka fi saurin ganewa shi ne furotin ɗin wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita. Shigella, mai jawo atini, ta rasa wannan wutsiya gaba ɗaya. Salmonella tana da ita, amma da ta shiga makurofaj sai ta daina haɗa ta. Salmonella Typhi, mai zazzaɓin taifod, ta ƙara da wani mayafi na sukari da ke rufe fatarta, shi ya sa take iya ratsa hanji ba tare da ta tayar da ƙura sosai ba. Ita ma da aka karanta DNA ɗinta a 2001 an samu lalatattun ƙwayoyin gado kusan 200, kuma ta taƙaita ga ɗan Adam kaɗai, alhali danginta na kusa suna kama dabbobi iri-iri. A jikin kaɗan daga waɗanda suka warke takan maƙale a matsarmama, musamman in akwai tsakuwa a ciki, su riƙa fitar da ita a bayan gida shekara da shekaru suna lafiya lau. Mary Mallon, wata mai dafa abinci a birnin New York da aka gano a 1907, ita ce aka fi sani da wannan hali. Ta rasu a 1938 a keɓe a wani tsibiri, bayan ta shafe fiye da shekara ashirin a tsare, kuma duk lokacin da na karanta labarinta sai tausayinta ya kama ni, don a ganinta ba ta taɓa yin ciwon da ake tuhumar ta da yaɗawa ba.

Bari in ɗan tsaya kan Chlamydia trachomatis, domin tana nuna yadda wurin zama ke sassaƙa ƙwayar cuta. Ƙwayoyin gadonta kusan 900 ne kacal, kuma ba ta hayayyafa sai cikin tantani. Idan garkuwar jiki ta gano ta, sai ta saki wani saƙo mai suna intaferon gama, wanda ke umartar tantani ya rushe wani tubalin gina furotin da ake kira tiriftofan. Manufar ita ce a kashe baƙuwar da yunwa. A gwajin faranti, Chlamydia ba ta mutuwa nan take, sai ta kumbura ta daina rabuwa ta jira, da tiriftofan ya dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Irin da ke kama al'aura ya riƙe wasu ƙwayoyin gado da ke ba shi damar haɗa tiriftofan daga wani sinadari mai suna indol, wanda wasu bakteriyar wurin ke fitarwa. Irin da ke kama ido ya jawo cutar tarakoma kuwa, nasa sun lalace. Jinsi ɗaya ne, amma kowanne ya riƙe abin da mazauninsa ya sa ya zama da amfani.

Idan aka bi wannan hanya har ƙarshenta, cuta ma takan daina zama cuta. Rickettsia prowazekii, wadda ƙwarƙwata ke yaɗawa, har yanzu tana sa ciwo amma ta yi nisa a wannan hanya: ƙwayoyin gadonta 834 ne, har makamashin da tantani ya haɗa wa kansa take ɗiba, kuma takan ɓuya ta sake tashi bayan shekaru masu yawa. Buchnera da ke cikin wasu ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan tsiro ta ragu zuwa haruffa kusan 640,000, kuma yanzu ƙwaron ba ya rayuwa yadda ya kamata sai da ita. Maitokondiriya kuma, injin da ke samar da makamashi a cikin tantanin jikinki da nawa, asalinsa bakteriya ce daga babban dangin su Rickettsia da ta shiga wani tantani fiye da shekara biliyan ɗaya da suka wuce ba ta fita ba.

Abin da ke faruwa cikin mara lafiya ɗaya

Kada ki ɗauka sai an yi miliyoyin shekaru ake ganin wannan. Yana faruwa a jikin mutum ɗaya, a gaban idonmu. Masu fama da cutar gado ta sistik faibirosis, wadda ke sa majinar huhu ta yi kauri, sukan ɗauki Pseudomonas aeruginosa tun suna yara ta zauna musu har girma. A 2006 masu bincike a Amurka sun kwatanta DNA ɗin ƙwayar da aka ɗauka daga wani yaro tun yana jariri da wadda aka ɗauka daga gare shi kusan shekara takwas bayan haka. Sun samu sauye-sauye 68, kuma da yawa daga ciki lalacewar makaman da ƙwayar ta shigo da su ne tun farko. Wannan ƙwaya ta fi zama cikin majina fiye da cikin tantani, amma darasin ɗaya ne: abin da ya taimaka wajen shiga yakan zama kaya a ka idan zama ya yi tsawo, don shi ne ke tona asirinta ga garkuwar jiki.

Na ga irin wannan da idona a kan Staphylococcus aureus. An taɓa kawo mana samfur daga wani ciwon ƙashi da ya yi ta warkewa yana dawowa. Na shuka shi a faranti, washegari na duba ban ga abin kirki ba. Da ya ƙara kwana biyu a akwatin ɗumi sai ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo kamar bakin allura, farare, babu launin zinariyar da aka san wannan ƙwaya da shi. Na ɗauka datti ne ya faɗa farantin, har na yi niyyar zubar da shi, wata babbar abokiyar aiki ta dakatar da ni. Da muka sake shuka su tare da sinadarin da suka kasa haɗa wa kansu, sai suka fito manya da launinsu na asali. Ƙwayar ce dai, amma injin numfashinta ya samu lahani. Wannan lahani ya sa tana girma a hankali, ta rage fitar da guba, don haka tantanin da ta shiga ba ya mutuwa, ita kuma ta samu mafaka. Ya kuma sa wasu magunguna irin su jentamaisin ba sa iya shiga cikinta sosai, domin da ƙarfin wannan injin ake jan su ciki. Tun daga ranar, duk samfurin da ya fito daga ciwo mai dawowa ba na yanke masa hukunci da farantin kwana ɗaya.

'Yan likimo, da dalilin wata shida

Yanzu ga ɓangaren tambayarki na ƙarshe. A 1944 Joseph Bigger ya lura cewa idan ya zuba fenisilin a kan Staphylococcus, kusan duka suna mutuwa, amma kullum sai an samu 'yan tsiraru da suka tsira. Da ya raine su suka hayayyafa ya sake zuba maganin, sai 'ya'yan suka mutu kamar yadda na farko suka mutu, aka sake samun 'yan tsiraru. Kenan waɗannan ba bijire wa magani suka yi ba. Mai bijirewa tana da sauyi a DNA, tana girma ko da maganin na nan, 'ya'yanta ma haka. Waɗannan kuwa likimo suka yi. Yawancin magungunan kashe bakteriya suna kai hari ne kan aikin da ake cikin yi, kamar ginin bango ko kwafar DNA ko haɗa furotin, kuma wadda ta dakatar da aiki ba ta ba maganin abin kamawa. A 2004 Nathalie Balaban da abokan aikinta suka bi ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin bincike, suka ga cewa tun kafin a zuba magani akwai waɗanda suka riga suka rage gudu. A 2014 kuma Sophie Helaine da abokan aikinta a Landan suka nuna cewa haɗiyar da makurofaj ke yi wa Salmonella ita kanta tana jefa wani kaso nasu cikin wannan hali. Tsami da yunwar da aka shirya don kashe su sun zama ƙararrawar da ke sa su kwanta.

Ki haɗa wannan da matsalar isar magani. Wani gwaji da muke yi kusan kullum shi ne mu zuba bakteriya a kan tantani, mu ba su lokaci su shiga, sannan mu zuba jentamaisin. Na waje duk su mutu, na ciki su tsira saboda maganin ba ya ratsa tantani da sauƙi, sai mu fasa tantanin mu ƙirga su. Abin da muke amfani da shi a matsayin dabarar aiki, shi ne abin da ke faruwa a jikin mara lafiya idan aka ba shi maganin da bai dace ba. Shi ya sa ga cututtukan cikin tantani ake zaɓar masu ratsawa irin su doksisaikilin da rifamfisin da azitiromaisin.

A tarin fuka duk waɗannan sun taru wuri ɗaya. Ƙwayar da ma mai nawa ce, kusan kwana guda take ɗauka kafin ta rabu. Garkuwar jiki kuma takan kewaye ta da ganuwar tantani, wani ƙullutu da ake kira giranuloma, wanda tsakiyarsa kan mutu ya zama wani abu mai laushi da jini ba ya shiga, iska ta yi ƙaranci, magunguna ma ba duka ke ratsa shi daidai ba. Don haka a huhu ɗaya akwai masu rabuwa da sauri, akwai masu jan ƙafa cikin tsami, akwai masu likimo. A wata biyun farko ana ba da magani huɗu: aisoniyazid, rifamfisin, firazinamaid da itambutol. Aisoniyazid yana share masu saurin rabuwa cikin kwanakin farko, shi ya sa tari ke lafawa, nauyi ya fara dawowa, mara lafiya ya ji kamar ya warke. Firazinamaid abin mamaki ne, a faranti na yau da kullum kusan ba ya yin komai, amma a cikin tsami yana kama masu jan ƙafa, kuma shigowarsa tare da rifamfisin ce ta sauko da tsawon magani zuwa wata shida. Wata huɗun da suka rage ana jiran masu likimo ne, duk wadda ta farka ta tarar da magani a jini.

Game da shekarun da aka ce tana yi, akwai hujja mai ƙarfi. A Denmark an kwatanta ƙwayar da aka adana daga wani uba a 1961 da wadda ta fito daga ɗansa a 1994, aka ga iri ɗaya ce, shekara 33 tsakani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne daga cikinsu ke yin ciwon a tsawon rayuwa. Idan garkuwa ta yi rauni, kamar da cutar HIV ko magungunan danne garkuwa, haɗarin yana ƙaruwa matuƙa. Sai dai gwajin fata da na jini da ake yi suna nuna cewa garkuwa ta taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, ba sa nuna tana nan da rai. Masana irin su Marcel Behr da Lalita Ramakrishnan sun kawo hujjar cewa mafi yawan masu yin ciwon cikin shekara biyun farko suke yin sa, kuma da yawa daga sauran sun riga sun kawar da ita. Ni ma ra'ayina ya karkata can.

Kada kuma ki fita da tunanin cewa ƙwayar tarin fuka ta zama mai lalama. Babbar hanyarta ta tsallakawa zuwa wani ita ce ta ci rami a huhu a tofar da ita cikin tari, kuma garkuwar jiki ce da kanta ke haƙa wannan rami garin yaƙi. Binciken da aka yi a jikin ƙananan kifaye masu shara-sharan jiki ya nuna cewa a farkon kamuwa giranuloma na jawo sababbin makurofaj, ƙwayar kuma ta samu sababbin gidaje. A 2010 aka kwatanta DNA ɗin ire-irenta daga sassan duniya, aka ga cewa sassan da garkuwar jikinmu ke ganewa suna cikin waɗanda suka fi ƙin sauyawa, alhali yawancin ƙwayoyin cuta irin waɗannan sassa suke ta sauyawa don su ɓuya. Fassarar da masu binciken suka ba wannan ita ce ganin da ake mata yana yi mata amfani.

Dole in faɗa miki iyakar abin da irin aikina ke iya nunawa. Tantanin da muke raino a faranti kwanaki kaɗan yake yi, alhali muna magana kan zaman shekaru. Ɓerayen da aka fi amfani da su ba sa yin irin ramin huhun da mutum ke yi, Salmonella Typhi kuwa ba ta kama ɓera na yau da kullum, sai mu yi aiki da 'yar'uwarta. Sannan ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne, zaɓen magani da tsawon shansa hurumin likitan da ke ganin mara lafiya ne.

Abu ɗaya da zai yi miki amfani a bakin gado shi ne sakamakon wani gwaji na 2017 daga ɗakin binciken Balaban. Sun riƙa ba Escherichia coli maganin amfisilin suna ɗaukewa, suna sake bayarwa suna ɗaukewa. Abin da ya fara bayyana shi ne ƙwayoyin da suka fi daɗewa a kwance kafin su farka, daga cikin waɗannan ne kuma daga baya masu bijirewa na gaske suka fito. Shan magani ana tsallake kwanaki yana maimaita wannan gwaji ne a cikin huhun mutum. Don haka idan mara lafiya ya ce miki a wata na biyu ya ji sauƙi, gaskiya ya faɗa, masu saurin rabuwa sun mutu. Ki yi masa bayanin waɗanda suka rage da kalmomin da zai gane, ki kuma tambaye shi abin da zai iya hana shi zuwa karɓar maganin wata na uku, ko nisa ne, ko tashin zuciya, ko jin kunyar a gan shi a layi, tun kafin ya daina zuwa.